Wa ya ba gidajen rediyo izinin sa mana kiɗan tsoro?

Akwai ɗabi'ar da ta yi katutu a shirye-shiryen bincike na rediyo, kuma mu malamai da iyaye mun yi mata shiru. Da zarar an ce za a yi shiri kan ƙauyukanmu, ko kan fari, ko aurar da ƴan mata da wuri, sai a shimfiɗa wani kiɗan Turai a ƙarƙashin muryar mai magana. Gogen Turawa ne masu kuka kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, da bushe-bushen da ba su san inda za su sauka ba. Manomi na bayani da hankalinsa, kiɗan na gaya wa kunne cewa ga abin tausayi nan.

Kiɗan yana da asali, kuma masu shi ba ƙananan mutane ba ne. A farkon ƙarni na 20 wasu mawallafan kiɗa a Turai suka yi wa tsohon tsari tawaye. Claude Debussy a Faransa, Arnold Schoenberg a Biyana, Igor Stravinsky ɗan Rasha, Béla Bartók ɗan Hangari. Schoenberg ya watsar da ƙa'idar cewa kiɗa sai ya koma gida, wato ya dawo kan sautin da ya tashi, shi ya sa mai saurare yake jin kamar an bar shi a rataye. Stravinsky kuwa ya karya bugun da ƙafa ke bi. Ran 29 ga Mayu 1913, da aka fara nuna rawarsa ta bikin bazara a Paris, ƴan kallo sun yi ta ihu da zage-zage har masu rawa ba sa jin makaɗa. Labarin rawar ma na yarinya ce da aka zaɓa ta yi rawa har ta mutu don a yi hadaya da ita. Daga baya masu fim suka ɗauki irin wannan sauti suka mai da shi alamar kisa da aljanu.

To, shi ake sa wa labarin gawo.

Ba da wasa na faɗa ba. Na taɓa sa wa ƴan ajina na CM2 wani shiri da na ɗauka a waya, kan yadda manoma suke barin ƴaƴan itace su tsiro a gonakinsu. Wannan labarin nasara ne, kuma namu ne. Yankin Magariya da Matamai da Mirya yana cikin wuraren da masana na duniya suke zuwa kallo, kuma an ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da manoman Nijar suka farfaɗo da su ta wannan hanya. Dattijon da ke cikin shirin yana bayanin yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma dabbobi su ci ƴaƴansa. Da aka gama na tambayi yara me suka ji. Yarinya ɗaya ta ce, "Mushe, yunwa ce za ta zo?" Babu inda dattijon ya ambaci yunwa. Kiɗan ne ya faɗa mata. Wani tsohon ɗalibina ya kara wayarsa da Shazam, sai ga sunan Stravinsky.

Ɗan jarida idan ya yi ƙarya da baki, ana iya ƙaryata shi, ana iya kai ƙararsa. Idan ya yi ta da kiɗa, wa za ka kama? Ya yanke wa mutum hukunci ba tare da ya furta kalma ba, kuma wanda aka yi hira da shi a gindin bishiya bai san da me za a lulluɓe muryarsa a situdiyo ba.

Ga kuma matsalar akwati. An rubuta kiɗan nan don babban zaure da makaɗa kusan ɗari, yana sauka kamar raɗa ya tashi kamar aradu. Rediyon da ke rataye a wuyan mai shanu, ko ƴar wayar da mata ke saurare suna sussuka, ba ta ɗaukar wannan. Ƙasan sautin ya ɓace, ƙarar ta rage, ta danne muryar tsohuwar da daman ba ta ɗaga murya.

Za a ce da ni kiɗa ba shi da ƙabila. Na yarda, kuma su waɗannan mawallafa sun fi masu kwaikwayonsu sanin haka. Debussy ya ji kiɗan mutanen Jaba a baje kolin Paris na 1889, abin ya sauya masa kunne. Waƙar da ta buɗe rawar Stravinsky daga waƙoƙin ƙauyen Lituwaniya ya samo ta. Bartók ya ɗauki na'urar ɗaukar murya yana bin ƙauyuka tun 1906, a 1913 har ya tsallako Afirka, ya ɗauki kiɗan mutanen Biskra a Aljeriya. Su sun bar birni sun tafi ƙauye neman sauti. Mu muna zaune a ƙauyen, muna sauko da nasu daga intanet don mu rufe namu. Ko a makarantar horon malamai an koya mana cewa daga abin da yaro ya sani ake farawa.

Za a kuma ce kiɗanmu duk roƙo ne da kirari, zai janye hankali daga magana. Wannan maganar wanda bai buɗe ma'ajiya ba ce. Tun 1958 ake da rediyon ƙasa a Yamai, wanda ya zama Muryar Sahel a 1974, kuma shekaru da yawa ana ɗaukar makaɗa. Akwai cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya. Akwai biram na marigayi Malam Mamman Barka, akwai algaita da kakakin fadar Damagaram, akwai sarewar makiyaya wadda ba ta roƙon kowa. Su Ma'azu Ɗan Alalo da Ɗan Gurmu ma ba waƙar yabo kaɗai suka bari ba, sun bar kiɗa. In ana biyan haƙƙin mallaka ta hannun BNDA, gara ya shiga gidan magadan waɗannan.

Waɗanda kuma ba sa son kiɗa sam saboda addini, a nan ba mu da faɗa. Shiru ya fi kiɗan da ke ƙarya. Guga na faɗawa rijiya, taɓarya a turmi, ana saran rake a fadamar Bande, amalanke na wucewa: waɗannan sun isa su gaya wa mai saurare inda yake.

Ban ce a haramta Stravinsky ba. In ana son yaranmu su san shi, a yi masa shiri nasa, a faɗi sunansa da shekararsa, a sa shi kusa da kalangu a ce su saurari yadda kowanne ke wasa da bugu. Ni zan fara sa wa ajina. Amma ƴan'uwa malamai, kafin ku kunna wa yara kowane shiri, ku saurare shi tukuna. In kiɗan ya saɓa wa maganar, ku tsayar a tsakiya ku tambaye su wanne suka gaskata. Iyaye kuma, yawancin gidajen rediyon nan suna buɗe layi bayan shiri. Ku kira, ku tambayi mai gabatarwa sunan kiɗan da ya sa a ƙarƙashin muryar mahaifinku, da dalilin da ya sa ya zaɓe shi.