A Yi I'izari Kafin a Sayar da Bijimi

A ƙasar Dambatta da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, burtali kuma ya ƙuntata, shari'ar ɓarnar amfanin gona ba ta yankewa da kaka. Shanu su faɗa cikin gero, kotu ta kama makiyayi da laifi, ta ɗora masa diyya, ta ba da umarnin a sayar da bijimi a biya. Daga nan sai ɗaukaka ƙara, sai musu a kan ko kuskuren da aka tafka wajen shari'ar ya rusa wannan umarni.

Ina ja da ɓangarori biyu. Na farko su ne masu son a soke diyyar manomi don kawai magatakarda ya rubuta kwanan wata ba daidai ba. A 1960 sashe na 382 na tsohuwar Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta Arewa ya kafa ƙa'ida: ba a rushe hukunci saboda tuntuɓen alƙalami, sai in ya haifar da zalunci. Wanda aka cinye wa abincin shekara bai cancanci ya koma gida hannu Rabbana ba.

Na biyu sun fi haɗari, masu cewa tunda an yi laifin, a ƙwace kawai. Sau da yawa bijimin da ke hannun makiyayi na wata bazawara ce da ta ba shi kiwo. In ba a kira ta ba, an hukunta wadda ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba. In ba a tura dattawa sun kimanta ɓarnar ba, diyyar ta zama kintace. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Fiƙihun Malikiyya ma ya wajabta i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Hukuncin da ya tsallake wannan ɓatacce ne, ko da laifin ya fito fili.

Don haka nake kira ga alƙalanmu: kafin bijimi ya nufi kasuwa, littafin shari'a ya nuna mai shi, ya nuna wanda ya kimanta ɓarnar, ya kuma nuna an yi i'izari. Umarnin da ya cika waɗannan, kuskuren rubutu ba zai kayar da shi ba.