Ruwan Kalmalo Ba Shuɗi Ba Ne

'Yan'uwa marubuta, mai koyon zanen kogi da fentin mai, gara ya ajiye shuɗin fenti ya je bakin ruwa ya zauna tukuna. Mu ma haka.

Mu nan Amarawa ga tafkin Kalmalo kusa, ruwan Majiya na gangaro masa ta wajen Ƙonni. Da damina jaja-jaja yake kamar kunun kanwa, da rani ya ja baya ya bar laka da lambuna. Amma a labaranmu kullum ruwa shuɗi ne garai-garai, aron finafinan Indiya. Yaya ɗan Illela zai gane garinsu a ciki?

Fentin mai kuma sai ya kwana biyu ya bushe ake ƙara wani a kai. Mu kuwa babi ko hucewa bai yi ba mun tura Facebook.