Gusau ta cika da wuraren ɗaukar hoto masu sayar da abinci

1/ Jama'ar Gusau ku matso kusa. Yau kan sababbin gidajen abincin nan zan yi magana, waɗanda ke tsirowa a gari kamar ciyawar damina. Na san wasu masu su suna bibiyata a nan. Ku yi haƙuri, amma sai na faɗa. Maganar da tsawo, a gyara zama.

2/ Kun san su, ba sai na kama suna ba. Bango an manna masa ciyawar roba, an rubuta wata kalmar Turanci da fitila mai launin hoda, kujeru masu kyau a hoto amma minti 20 bayanka ya fara ciwo. Suna kuwa dole na Turanci, in an tausaya mana a haɗa da na wata unguwa a Dubai.

3/ Ka karɓi takardar abinci: shawarma, baga, fiza, soyayyar shinkafa, taliya da kaza, sai lemo kala uku a kofi mai dogon wuya. Ka fita ka shiga na gaba da shi, takardar ce dai, tambari kawai aka sauya. Wai sabon salo. Wallahi satar amsa ce, irin wadda malami ke ganewa don har kuskuren an kwafo.

4/ Yadda ake yi: mai kuɗin ya je Abuja, ya zauna wani wuri a Wuse, ya ɗauko bidiyo, ya dawo ya nuna wa kafinta da mai fenti. Su biyun nan su ke cin jarin. Mai dafa abincin kuwa sai ana saura kwana 3 a buɗe ake cigiyarsa a WhatsApp.

5/ Kafin wani ya ce ɗan baƙin ciki ne: ni ina cin shawarma, kuma ba na faɗa da baƙon abinci. Indomie daga Indonesiya ta zo. Burodi da shayi ba kakanninmu suka ƙirƙiro su ba. Gurasa ma daga Larabawa Kanawa suka koya, suka juya ta har ta zama bandashe da ƙuli da albasa.

6/ Amma duba abin da mai shayi ya yi da Indomie. Ya auna aljihun ɗalibi da na ɗan acaɓa, ya auna lokacin da yunwa ke kama su, ya zuba attarugu da ƙwai, ya sa benci. Ya karɓi baƙo ya koya masa zaman gari. Wannan ita ce ƙirƙira, kuma babu fitila mai launin hoda ko ɗaya a teburinsa.

7/ Mu zo kan lissafi, don nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Duk wanda ya buɗe wurin abinci bayan wannan rana ya san janareta abokin gaba ne.

8/ To mi ya sa za ka gina sana'arka kacokan kan abin da ba ya rayuwa sai da firji? Cukun fiza, sosej, mayonis, daskararriyar kaza. Yawanci daga nesa ake ɗauko su, su biyo hanyar Funtuwa, su ratsa Tsafe, su iso Gusau sun sha rana. Sannan a sa su a firjin da wutarsa ta dogara da NEPA da man da kake siya da hawaye.

9/ Zaɓi biyu ya rage maka. Ko ka ɗora kuɗin man a kan mai ci har ya gudu, ko ka kashe janareta da dare ka ce Allah ya tsare. Ku da kanku kun san wanda ake zaɓa. A zafin Maris da Afrilu na garin ga, kabeji da mayonis ya kwana ba sanyi, da safe a naɗe maka shi a takarda mai tambari.

10/ Cikinka ya murɗa kwana biyu ka ce shawara ce ta tashi, ka siyo jiƙo. Ba shawara ba ce ɗan uwa, shawarma ce.

11/ Sai ruwa. Wanda ke zaune Tudun Wada ko Samaru ko Damba ba sai an yi masa bayanin tsadar jarka ba. Wurin da ke siyen ruwa a kura zai yi tsimi, kuma wajen wanke-wanke ake tsimin, don can ne mai ciniki ba ya gani.

12/ Na taɓa neman wurin wanke hannu a ɗaya daga cikinsu, aka nuna mani wata ƙofa ta baya. Baho ɗaya, ruwan ya koma kalar miya, faranti na shiga yana fita, yaro na goge shi da tsumman da ya rataya a kafaɗa. Taku 10 tsakaninsa da bangon furannin da 'yan mata ke layin ɗaukar hoto.

13/ A 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa jihohin Arewa, Zamfara na ciki, an binne mutane. Don haka maganar baho ɗaya ba tsegumi ba ne. A da akwai duba-gari, shiga suke har madafa su buɗe tukunya su leƙa randa. Ina son in ga duba-gari ya wuce bangon furanni ya shiga ta ƙofar bayan nan, ya liƙa sakamako a bakin ƙofa kowa ya karanta.

14/ Yanzu ma'aikata. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Abin da da yawanmu ba su sani ba, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gidan abinci nawa ne a Gusau ke da mutum 25? Ke nan yarinyar da ke kawo maka faranti ba ta da wata kariya sai imanin mai gida.

15/ An ɗinka mata riga mai tambari, an koya mata gaisuwa da Turanci. Kofi ya fashe a cire a kuɗinta. Mai ciniki ya yi taransifa ta bogi a cire a kuɗinta. A tashi aiki cikin dare, ita za ta nemi keke napep da kuɗinta, a garin da kowa ya san abin da dare ke nufi. In kana da kuɗin fitilar ado kana da kuɗin mayar da ita gida.

16/ Ga wanda ya fi min ciwo. Taken jiharmu, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1996, shi ne noma abin alfaharinmu. Dawa, gero, masara, wake, gyaɗa, waken suya, ga shinkafar Bakalori. Ka buɗe takardar abincin nan ka nemo min gero. Ka nemo dawa. Ko da kuskure.

17/ Manomi a ƙauyukan Tsafe da Bungudu yau da ransa yake noma. Wasu sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe, wasu sun tafi gona ba su dawo ba. Buhun da ya fito daga wannan bala'in ya iso Gusau, wuraren da suka fi kowa tsadar faranti ba su siyen ko tiya ɗaya.

18/ Kuɗin ɗalibi da na ma'aikaci su fita daga aljihu, su bi motar da ta kawo kaza su koma inda ta fito. Abin da ya rage a gari kwalin tekawe ne a cikin kwata. Legas ta hana irin farin kwalin nan tun Janairun 2024. Mu kuma yanzu muka ɗauke shi alamar wayewa.

19/ Ina hoce? Abincin da in ka ambace shi a Kano sai an tambaye ka mene ne, namu ne mu da Sakkwatawa. Na dawa ne, ba ruwansa da firji. Ina tuwon dawa da miyar sure? Ina dambu, ina kwaɗon zogale da rama, ina fate, ina kunun gyaɗa? Babu wanda ya zauna ya ce bari in gyara wannan, in auna shi, in sa shi a faranti mai kyau a wuri mai tsabta.

20/ Za ku ce ba za a siya ba. Fura ma haka aka ce. Yau a Kano da Kaduna da Abuja fura da yogot a cikin roba mai murfi sana'a ce ta sosai, masu manyan motoci na tsayawa su siya. Furar ce dai ta Inna, an dama ta da tsabta an sanyaya an rufe.

21/ Ku leƙa maƙwabta. Shinkafa da kifin Senegal ta shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2021. Aceke na Kwaddibuwa, wanda rogo ne kawai, ya shiga a Disambar 2024. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista da sunan wurinsu don kada wani ya ci da guminsu. Mu muna nan muna gasar wa ya fi iya kwaikwayon Wuse.

22/ Masu sabon salo na gaskiya a Gusau ba su da allo. Matan nan ne da ke cikin gida, su ɗora hoton masa ko ɗanwake ko alkubus a WhatsApp da safe, kafin azahar sun sayar, yaro ya kai har ofis da hostel. Ba haya, ba janareta, abin da aka yi oda shi ake dafawa, ba kwanan abinci.

23/ Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai tsire da mai balangu cikin 'yan kwanaki suka rataya lambar asusu a jikin tukuba. Babu wanda ya kai su bita. Kuma a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, duk mai cinikin da ya dogara da Instagram ya yi shiru. Mai masar bakin layi ko a jikinta, masu cinta sun san hanya.

24/ Wanda ke neman inda zai zuba jari, ga shawara kyauta. Tsafe ita ce ƙofar shigowa daga Funtuwa, Zariya da Kano. Bungudu na kan hanyar Mafara da Sakkwato. Kullum motoci cike da mutanen da suka yi sammako, suna sauri kada magariba ta same su a hanya.

25/ Mi matafiyin nan ke so? Abinci mai zafi da zai fito cikin minti 5. Ban ɗaki mai ruwa, na mata daban, wanda Hajiya za ta shiga ba tare da ta tattare zani tana salati ba. Wurin alwala da tabarma. Inda zai sa caji. Farashi a rubuce a bango, kada a kalli shaddarsa kafin a yanka masa kuɗi.

26/ Duk wadda ta taɓa yin tafiyar Gusau zuwa Kano da yara ta san cewa mata da yawa ƙin shan ruwa suke yi tun asuba saboda rashin wurin kewayawa. Wanda ya magance wannan kaɗai direbobi da kansu za su riƙa tsayawa ƙofarsa. Amma ban ɗaki ba ya kyau a TikTok, shi ya sa babu mai sha'awa.

27/ Mu ma matasa da namu kason. Wasunmu za su ci ɗanwake a ɓoye, su ɗora hoton baga a fili. Saurayi ya kai budurwa wurin tuwo a ce bai waye ba, ya ciwo bashi ya kai ta wurin ciyawar roba a ce ya haɗu. Su fito su biyun da yunwa, a hanya ya tsaya wurin mai shayi.

28/ Sai 'yan uwanmu masu bidiyon ɗanɗana abinci. An ba ka faranti kyauta, tun kafin ka haɗiye ka lumshe ido ka ce ba ka taɓa cin irinsa ba. Makon jiya ma haka ka ce a wancan wurin. Don Allah ko sau ɗaya ka juya kyamarar nan ka nuna mana madafa. In sun hana ka shiga, ka faɗa mana sun hana.

29/ An ƙaddamar da aikin filin jirgin saman Gusau a 2024, ana ta cewa baƙi za su shigo. To mutumin da ya taso daga Abuja ya sauka, me za mu ajiye masa? Fizar da ta fi wadda ya baro tsada kuma ba ta kai ta daɗi ba? Abu ɗaya da ba zai samu a can ba shi ne namu, shi kuma mun bar shi a bakin kwata cikin ƙura.

30/ Wanda ya san wuri a Gusau, Tsafe ko Bungudu da ake hoce ko tuwon dawa da miyar sure, mai tsabta, wanda mai shi zai yarda a leƙa madafarsa, ya ajiye min kwatance a ƙasa. Asabar zan je da kuɗina, in tambayi mai kawo farantin nawa ake biyanta, in dawo in rubuta abin da na gani.