Gani da Ɗanɗano: Darasi Daga Tsibirin Jeju

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowace tafiya ce ke buɗe wannan ƙofa ba. Akwai matafiyin da kan keta teku ya sauka a ƙasar da bai taɓa gani ba, ya sha kallo, ya ɗauki hotuna, amma da yunwa ta taso sai ya shiga neman irin cimar da ya baro a gida. Irin wannan matafiyi ya ga ƙasa, sai dai bai fahimce ta ba, domin a cikin abincin al'umma ake gane irin ƙasar da ta zauna a kai da yadda ta rayu. Tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu ya isa misali.

Jeju shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar, kuma aman wutar dutse ne ya samar da shi. A tsakiyarsa dutsen Halla yake, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 1,950, ba kuma dutsen da ya kai shi tsawo a Koriya ta Kudu. A gabas akwai tsaunin Songsan, inda baƙi kan yi sammako su hau don ganin fitowar rana. Akwai kuma kogon Manjang, mai tsawon fiye da kilomita 7, wanda narkakken dutse ya haƙa sa'ad da yake kwarara. A shekarar 2007 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan wurare cikin jerin kayan gadon duniya.

To, mece ce dangantakar waɗannan duwatsu da tukunya? Ƙasar da aman wuta ya bari ba ta riƙe ruwa, da an yi ruwan sama sai ya nutse. Wannan ya sa shinkafa, wadda ita ce babbar cimar sauran Koriyawa, ta yi ƙaranci a Jeju a da can. Manoma sai suka koma ga sha'ir da wani nau'in gero da kuma wani hatsi da suke kira memil. Daga garin memil ake toya wata siririyar waina mai suna bintok, a naɗe ta da dafaffiyar farar saiwa mai kama da karas. Daga geron kuma aka samo omegi-tok, wani curin tuwo mai danƙo. Baƙo na iya jin bintok salam a bakinsa, amma wanda ya ci shi bayan ya ga baƙaƙen katangun duwatsu da ke kare gonaki daga iska zai gane yadda mutane suka rayu a kan ƙasa mai rowa.

Abin da gona ta hana, teku ne ya bayar, ta hannun mata masu nutso da ake kira henyo. Sukan nutsa zurfin kimanin mita 10 ba tare da tulun iska ba, su ɗebo ciyawar teku da wani babban dodon-koɗi mai suna jonbok, wanda ake yin faten shinkafa da shi. UNESCO ta karrama al'adarsu a shekarar 2016, sai dai yawansu na raguwa, kuma akasarinsu sun haura shekara 60. Saboda haka kwanon faten da baƙo ya saya a wurinsu tallafi ne ga sana'ar da ke neman ɓacewa.

Mai karatu na iya cewa ai akwai haɗari a cin abin da ba a sani ba, musamman ga Musulmi. Wannan magana tana kan hanya. Naman da Jeju ta fi suna da shi na baƙin alade ne, kuma miyar momguk, wadda ido ke gani kamar ta zallar ciyawar teku, da romon alade ake dafa ta. Haka ma taliyar da suke kira gogi-guksu. Amma maganin wannan tambaya ce, ba ƙauracewa ba, tunda matambayi ba ya ɓata. Wanda ya tambayi abin da ke cikin romo kafin ya sa cokali zai tsare addininsa, kuma ga gasasshen kifi, ga faten jonbok, ga lemon hallabong mai zaƙi, duk suna gabansa.

Ashe ke nan taka-tsantsan daban, ƙyama daban. Taka-tsantsan kan sa matafiyi ya yi tambaya, ya saurari amsa, ya ƙaru da sani. Ƙyama kuwa kan mayar da shi ɗakin otal da ƙunshin guzurinsa, ya dawo gida da hotunan duwatsu ba tare da ya san komai game da mutanen da suka rayu a gindinsu ba.