Waya ɗaya, amma ta Paris ba ta yin abin da ta Legas ke yi

A watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya buɗe manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Meta AI, ga masu WhatsApp a Najeriya da Ghana. Mutanen Faransa kuwa sai Maris 2025 ta iso musu. Ba kasafai Afirka ke riga Turai samun sabon kayan fasaha ba.

Dokokin Tarayyar Turai ne musabbabi. Dokar kare bayanan jama'a ce ta tsayar da Meta, bayan hukumar Ayilan ta nemi ya dakatar da horar da manhajar da rubuce-rubucen Turawa. Apple shi ma ya jinkirta kai Apple Intelligence Turai a Yunin 2024, yana cewa dokar kasuwannin intanet, wadda ke tilasta masa buɗe wayarsa ga abokan hamayya, za ta raunana tsaron masu amfani da ita.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan hujja, amma jinkirin dabarar ciniki ce kuma: idan jama'a suka ji an bar su a baya, haushinsu kan mahukunta zai faɗa. Mahukuntan dai ba su ja da baya ba, domin a Afrilun 2025 sun ci Apple tarar Yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200.

Rufe manhaja a wani yanki ba shi da wuya. Ƙera waya iri biyu ne ke da tsada. Shi ya sa da Turai ta wajabta caja iri ɗaya, USB-C, Apple ya sauya ta duniya baki ɗaya tun daga iPhone 15, har wadda ake sayarwa a kasuwar Yamai.