Ɗaliban Da Ke Zuwa Aikin Sa Kai: Mu Buɗe Musu Ƙofa, Amma Da Sharaɗi



Mu ungozomomi aikinmu yakan ƙare ne idan an sallami uwa da jariri. To amma ba kowace haihuwa ke zuwa da sauƙi ba. Akwai jaririn da ya daɗe bai yi kuka ba bayan doguwar naƙuda, ko wanda shawara ta kama aka makara kawo shi, sai ya kai wata shida wuya bai tsaya ba. Akwai wanda kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa, hannu ɗaya ya saki. Akwai uwar da jijjiga ta bari da shanyewar ɓarin jiki, ko ɗaura zane ba ta iyawa. Irin waɗannan, jinyarsu ta gaskiya a gida take farawa.

Akwai ma'aikatan lafiya da wannan ne fanninsu. Ba su ne masu gashin ƙashi ba, ko da yake tare suke aiki. Su suna koya wa majiyyaci yadda zai koma ayyukansa na yau da kullum: yadda yaro zai zauna, ya riƙe ludayi, ya sha koko bai ƙware ba, yadda uwa mai hannu ɗaya za ta shayar, ta yi goyo, ta yi alwala. Ba su da yawa a ƙasar nan, makarantunsu kuma galibi a kudu suke, kamar ta Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife. Shi ya sa idan ɗalibansu suka zo aikin sa kai a Andarai, ko Maiyama, ko ƙauyukan Jega da Aliero, ra'ayina shi ne ki karɓe su. Abin da za su nuna miki ba a gadon asibiti ake koyonsa ba, sai a kan tabarmarki, da kujerarki ta tsakar gida, da kwanon da yaron ya saba da shi. Kuma kin san kuɗin motar zuwa Birnin Kebbi kowane mako ba kowane gida ke da shi ba.

Sai dai ɗalibi ɗalibi ne. Kada farar riga ta sa ki ji nauyin tambaya: daga wace makaranta? Wane ne malamin da ke kula da aikinku, yana ina? Mai gari da asibitin garinmu sun san da zuwanku? Hukumar MRTB ce ke ba masu wannan aiki lasisi a Najeriya, ɗalibi kuwa bai samu ba tukuna, don haka dole ya kasance ƙarƙashin mai lasisi. Ba ya allura, ba ya rubuta magani, ba ya karɓar kuɗi, ba ya ɗaukar hoton ɗanki sai kin yarda. Na taɓa karɓar wani jariri mai sakakken hannu da wani matashi mai kyakkyawar niyya ya yi ta ja wai yana motsa shi, aka kawo shi kafaɗa a kumbure. Motsa gaɓar jariri a hankali ake yi, idan yana tsala ihu a dakata. A nan bari in ƙara da cewa, Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma sakin hannu na haihuwa galibi jijiya ce ta taɓu, ɗauri ba ya gyara ta. A fara kawo shi a duba.

Ɗaya ɓangaren, wanda ba mu cika magana a kansa ba, shi ne lafiyar su ɗaliban. 'Ya'yan wasu ne, amana ce a hannunmu. A watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano suna bakin aiki, bayan shekaru ana yaɗa jita-jita a kan rigakafin. A 2021 an sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Uwar da ta bar 'yarta ta shiga ƙauyen da ba ta sani ba, da waɗannan a ranta ta bar ta. Don haka maigida, wannan naka ne: idan ka ji ana wata magana a kan baƙin a majalisa, je wurin mai gari ko ma'aikacin asibiti ka tambaya, kada ka ƙara mata gishiri. Su riƙa shiga gida su biyu, mata wajen mata, ƙofar ɗaki a buɗe. A haɗa su da ɗan acaɓa da aka sani, su bar gari kafin la'asar ta yi sanyi. Kada karamci ya sa ka tsare su sai sun ci tuwon dare.

Cuta ma haɗari ce. A lokacin zafin 2025 sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero, aka yi asarar rayuka. Idan akwai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya a gidan, ko mai tarin da ya wuce mako biyu, a faɗa musu tun daga zaure, shi kuma a kai shi asibiti. A ajiye musu ruwa da sabulu su wanke hannu kafin su taɓa jariri da bayan sun gama. Wannan kariya ce gare su, kariya ce ga jaririn.

Ke kuma mai ciki, ɗalibin nan ba ungozoma ba ne, zuwansa bai ɗauke miki awo ba. Idan kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ɗan ya daina motsi, kada ki jira ranar da za su dawo. Ki taho asibiti a ranar, ko da dare ne.

Allah ya sauke ku lafiya.