Kafin Ka Zagi Mai Shago, Auna Kwamfutarka



A hutun da ya wuce na koma gida Diggi da niyyar in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, saboda aikin kammala karatu. Kayan duk na hannu ne, in ban da SSD mai gigabait 256 da na saya a Birnin Kebbi da kuɗin shinkafar da Baba ya sayar. Na haɗa, na kunna, na zauna ina jiran in ga ta tashi kamar walƙiya. Ina! Sai da ta ci minti biyu cur, kamar dai da. A inda wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba wasa ba ne. Nan take na ce wallahi mai shago ya cuce ni.

Ashe laifin nawa ne. SSD ɗin yana ciki lafiya lau, amma Windows yana nan zaune a kan tsohon faifan nan mai juyawa. Na sayi doki, na ɗaure shi a turke, na ci gaba da hawa jaki.

Abin da ya sa na ɗauko biro ke nan. Mu da muke kiran kanmu ɗaliban fasaha mun cika yarda da "an ce". An ce SSD na da sauri, mun saya. Kwamfuta ta yi nauyi, mun ce jabu ne. Tsakanin nan da can ba wanda ya auna, alhali gani ya kori ji.

Awon kuwa ba wuya. Ɗauki agogon wayarka, ka ƙirga daga danna maɓalli zuwa buɗewar Windows, ka rubuta. Sannan buɗe Task Manager ka duba faifan da ke ɗauke da C, zai nuna maka ko SSD ne ko HDD. In HDD ne, to ka ga matsalarka. Shiga BIOS ka tabbatar SSD ne a sahun farko wajen tashi, kuma tsarin yana kan AHCI, ba IDE ba. Amma hattara: sauya wannan bayan an riga an saka Windows na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Kwashe aikinka a falash tukuna. In kuma na hannu ka saya, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, za ta gaya maka lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Kada kuma a ruɗe ka da manyan lambobi. SSD na SATA yana kaiwa kusan megabait 550 a daƙiƙa, NVMe kuwa ya haura 3,000. Amma wajen tashin kwamfuta bambancinsu kaɗan ne. Babbar ratar tana tsakanin faifai mai juyawa da SSD. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci ya san da wannan kafin ya kwance aljihu.

Wani zai ce, "Haba malam, ai aikin mai gyara ne." To mai gyaran daga ina zai fito, in ba daga cikinmu ba? Gobe a garinku kai za a kawo wa kwamfutar makaranta ko ta asibiti a ce duba mana, ai ka yi poli.

Ni dai na sake saka Windows a kan SSD, ta tashi cikin daƙiƙa 20. Ban taɓa furta wa mai shagon komai ba, amma na nemi gafarar Allah kan zargin da na yi masa, don saura ƙiris in je in yi masa rashin kunya a gaban mutane.